BINDIGA: ADO CE KO AMANA?

Masu iya magana kan ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan karin magana ne ya faɗo mana a rai a wani zaman karatu da muka yi a Talatar Mafara, inda wani matashi daga cikin sababbin 'yan ƙungiya ya karanto mana babin farko na littafin da yake rubutawa. Yaron yana da alƙalami, wannan kam babu musu. Tauraron labarinsa wani attajiri ne mai sha'awar tara ƙananan bindigogi. Yana da akwati na musamman da aka shimfiɗe da karammiski, a ciki ga libarba goma sha biyu a jere, wata mai ƙotar hauren giwa, wata an zana mata furanni a jiki. Kullum da la'asar sai ya zaɓi ɗaya, ya goge ta da mai, ya tafi lambunsa ya jera kwalabe yana auna su. Shafi huɗu cur marubucin ya cinye yana siffanta bindigogin nan kamar yadda ake siffanta amarya ranar buɗar kai.

Da ya kai aya aka tafa masa. Sai wani dattijo daga Bakura, tsohon malamin makaranta, ya gyara zama ya ce, "Ɗana, labari ya yi daɗi. To amma wa za a kashe da su?" Yaron ya ce, "Baba, ai ba wanda za a kashe. Sha'awa ce kurum, kamar ta mai kiwon tantabara." Dattijo ya ce, "Tantabara in ka sake ta gida take komowa. Harsashi fa?"

Daga nan gardama ta sarƙe har aka kira magariba ba a rabu ba. Tambayar da muka watse da ita ita ce muke son mu baje a wannan fili: shin ya dace mutumin kirki ya so makami don kyansa kawai, ya tara shi, ya yi wasa da shi, ya ce babu ruwansa da abin da aka ƙera shi dominsa?

Hujjar mai sha'awa

Adalci ne mu fara da jin ta bakin mai sha'awar, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Abin da yaron nan ya rubuta akwai shi a duniya. A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutane masu hankali da iyali waɗanda ke tara ƙananan bindigogi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Sun san tarihin kowace: cewa a 1836 ne Samuel Colt ya yi rajistar ƙirar libarba mai juya harsasai, kuma a 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da wata 'yar ƙarama mai cin harsashin da ake kira .22, wanda faɗinsa bai kai rubu'in inci ba. Da irin wannan ƙaramin harsashi ake gasar harbi daga nisan mita 25 a wasannin Olamfik, kuma masu yin ta za su gaya maka cewa horon kai ne zalla: natsuwa, da sarrafa numfashi, da haƙuri, da hana hannu rawa.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga son ƙira mai kyau. Wane ne bai taɓa tsayawa a maƙera yana kallon yadda ake fitar da takobi daga wuta ba? Gidajen sarauta da yawa na ajiye da sulke da kwalkwali da masu na kakanni, ba mai cewa sun yi laifi. Saboda haka mai sha'awar zai ce mana: wuƙar da mahauci ke fawa da ita ita ce ɗan ta'adda ke soka wa mutum, laifin na hannu ne, ƙarfe bai san komai ba.

Inda hujjar ta yi rauni

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabin gaskiya ce. Wuƙa da gatari da lauje duk suna da aikin yi a gida da gona, kisa kuwa karkatar da su aka yi. Ƙaramar bindiga fa? Maharbi ba ya shiga daji da ita neman barewa. An ƙanƙanta ta ne domin ta shiga aljihu, a matso kusa da mutum bai sani ba. Kwalbar da attajirin labarin nan ke fasawa a lambu tana tsaye ne a madadin wani abu, ko ya tuna ko ya manta.

Kada kuma ƙanƙantar harsashi ta ruɗe mu. Da libarba mai cin .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, da irinta kuma aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981 har ya kusa barin duniya. A watan Maris na 1996, a garin Dunblane na ƙasar Birtaniya, wani mutum mai cikakken lasisi, wanda ya saba zuwa kulob-kulob na masu wasan harbi, ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 16 da malamarsu. A 1997 majalisar ƙasar ta haramta wa jama'a mallakar ƙananan bindigogi, har da masu cin .22 ɗin. Dubban masu sha'awa da ba su taɓa cutar da ko kiyashi ba suka miƙa nasu. An ƙware su? Watakila. Amma al'ummarsu ta auna nishaɗinsu da rayukan yara, ta ga wanda ya fi nauyi. Mu nan Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta daɗe da sanya libarba da fistol a sahun makaman da aka haramta, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙe su, alhali bindigar toka tana can a sahun ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Tsakanin fushi da aikata ɓarna Allah Ya sanya ɗan lokaci, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake ceton mutane. Mai takobi sai ya zare, ya taka, ya dubi idon abokin faɗansa, kafin nan wani ya riƙe masa hannu, wata tsohuwa ta ce ya dubi girman Allah. Zaman lafiyar ƙauyukanmu ya daɗe yana rataye a kan masu rabon faɗa. Bindiga ta zo ta cinye wannan ɗan lokaci. Ana taɓa kunama an gama, mai rabo bai ko miƙe ba, sai nadama ta iso ta tarar da gawa.

Da can da yanzu

To ai kakanninmu ma sun riƙe bindiga, in ji mai gardama. Haka ne. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta tun da daɗewa, kuma tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Mu da muka tashi a wannan yanki mun san lokacin da in aka ce "ga 'yan bindiga nan" yara murna suke yi. Ranar hawan salla ce, ko a Mafara, ko a ƙofar Sarkin Burmin Bakura, ko ta Sarkin Kayan Maradun. Su dura albarushi, su ɗaga baki sama, a ji dum, dawaki su zabura, mata su rangaɗa guɗa, mu kuwa mu bi hayaƙi muna shaƙa. Yau a faɗi kalmar nan a kasuwa a ga yadda za a watse. Kalma ɗaya ce, cikin rayuwar mutum ɗaya ta tashi daga biki ta koma makoki. Mu da sana'armu kalmomi ce, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Me ya sauya? Za a ce ƙarfen ne, domin harba-ka-ruga sau ɗaya take tashi sai an sake dura ta, ta yanzu kuwa tana zazzaga harsashi talatin kafin a ƙifta ido. Gaskiya ne, amma akwai abin da ya riga wannan lalacewa. A da, duk mai riƙe da bindiga yana da wanda zai kira shi ya tambaye shi. Ɗan bindigar fada yana da Sarkin Bindiga, shi kuma yana da sarki. Maharbi yana da shugaban maharba, yana da ubangidan da ya koya masa, gari ya san shi, an san maƙerin da ya ƙera masa. In aka ji ƙara a dawa, kafin dare an san ta wane ce da abin da ya harba. Bindigar tana da mai ita, mai ita kuma yana da mai shi.

Kada mu ɗauka cewa takardar hukuma ita kaɗai ke maye gurbin wannan. Mutanen yankin nan sun ga aya tun a watan Afrilu na 1980, lokacin da manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya raba da gonakinsu suka tsaya neman diyya, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da kewaye. Bindigogin nan duk masu rajista ne, a hannun masu kaki. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen gari da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne, har yau ba a haɗu a kan lissafi ɗaya ba. Inda aka kasa ƙirga gawa, ina batun hisabi?

Shekara arba'in da ɗaya bayan haka sai ga ɗaya fuskar. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talatar Mafara. A watan Agusta na shekarar aka faɗa wa kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Waɗancan na 1980 suna da lasisi, waɗannan ba su da shi, amma abu ɗaya ya haɗa su: a lokacin da suke ɗana kunama, babu wanda suke tsoron zai tambaye su. Wannan shi ne ma'aunin da muka ga ya fi dacewa. Riƙon makami amana ce, amana kuwa ba ta tabbata sai da wanda za a mayar wa bayani.

Tambaya mai wuya

Saura magana ɗaya wadda ba mu da ikon tsallake ta. Me za mu ce wa manomin da aka kore masa shanu, aka ɗauke masa mata, aka sa wa ƙauyensu haraji kafin ya girbe gerons da ya shuka da hannunsa? Mu ce masa bindiga ba kyau? Wanda ke kwana a ɗaki mai ƙyaure a birni ya ji kunyar faɗin haka. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta lokacin, a ƙarƙashin Bello Matawalle, ta shawarci jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu, hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A farkon 2024 kuma gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara.

Ba mu ga laifin wanda ya tsaya kare iyalinsa ba. Sai dai ma'aunin nan bai ɗaga masa ƙafa shi ma, domin mai tsoro da mai fushi sun fi kowa bukatar wanda zai riƙe musu hannu. Mun ga yadda aikin sa-kai, da ya rasa mai tsawatawa, ya kai ga kashe mutane a kasuwa saboda kama ko harshe, 'yan'uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji, ramuwa ta haifi ramuwa. Bindigar da aka saya don ɓarawo ba ta ruɓewa in ɓarawo ya tafi. Tana nan ranar rikicin iyakar gona, tana nan ranar rabon gado, tana nan ranar zaɓe.

Ashe ke nan attajirin labarin nan, da takwarorinsa na Turai, suna cin moriyar zaman lafiyar da wasu suka gina ne. Mutum ba ya iya kallon libarba a matsayin ado sai a garin da dare ke wucewa ba a ji ƙararta ba, inda alƙali ke aiki, inda in ta ɓace za a bi sawu. A inda babu wannan, akwatin karammiski rumbu ne da ke jiran ɓarawo.

Namu nauyin

'Yan'uwa marubuta, a nan zancen ya dawo kanmu. An san Anton Chekhov, marubucin nan na ƙasar Rasha, da shawarar da yake ba masu koyo, cewa bindigar da aka nuna a farkon wasa wajibi ne ta tashi kafin a rufe labule. Shi dabarar tsara labari yake koyarwa, amma dattijon Bakura, wanda bai ambaci sunansa ba, ya kai maganar inda ta fi nan. Da yawa daga cikinmu mun koyi siffanta bindiga ne daga finafinan Indiya da na Amurka, inda tauraro ke hura hayaƙin bakinta ya mayar aljihu, a sa kiɗa. Ba a nuna mana wanda ya wanke gawar, ko wadda ta shiga takaba, ko yaron da aka cire daga makaranta don babu mai biya. Masu karatunmu kuwa sun san waɗannan, wasunsu ma su ne.

Ba muna cewa a daina sa bindiga a labari ba, domin adabin da ya kau da kai daga abin da ke cin mutanensa ya zama tatsuniyar banza. Abin da muke roƙo shi ne, duk wanda ya ba tauraronsa bindiga, to ya tanadi wanda zai tambaye shi a cikin labarin, ko uwa, ko alƙali, ko zuciyarsa da tsakar dare. In ka ba ƙotar hauren giwa shafi huɗu, ka ba wanda harsashin ya sama shafi biyar.

Yaron nan bai yi fushi ba, Allah Ya yi masa albarka. A zama na gaba ya zo da babi na biyu. Attajiri ya buɗe akwatinsa da la'asar kamar kullum, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya tarar goma sha ɗaya ne. Wannan karon ba wanda ya tafa, kowa ya yi tsit yana jiran ya ji inda ɗayar ta nufa. A nan ne muka san cewa littafin ya fara.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zama masu rabon faɗa.