Kada A Raina Ƙaramar Kyauta Ga Malami Da Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san Allah Ya albarkace ta da rake da masara da barkono da tumatir. A Kurmin Kogi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, al'adar magabata ita ce idan an dafa mazarƙwaila ko an matse gyaɗa, sai a keɓe rabon malami da na maƙwabci. Amma yau akan sami magidancin da ke jin kunyar aika wa malamin 'ya'yansa da mazarƙwaila guda uku, domin a ganinsa kyauta ba ta cika sai an sayo ta a kanti. Da yake kuwa ba shi da kuɗin kanti, sai ya zauna bai ba da kome ba. Ta haka ne kunyar banza take kashe sunna.

Alhali kuwa Musulunci bai auna kyauta da tsadarta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hori matan Musulmi da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Muslim kuma ya ruwaito cewa ya umurci Abu Zarri da ya ƙara wa miyarsa ruwa domin maƙwabta su samu. Da Nana A'isha ta tambaye shi wanda za ta fara ba a cikin maƙwabtanta biyu, sai ya nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Har ila yau, aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amru ya taɓa sa an yanka tunkiya a gidansa, ya yi ta tambayar ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Ke nan bambancin addini ba ya hana wannan hakki.

To, me talaka zai bayar? Abin da hannunsa ya iya. Uwargida tana da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da daddawa, da dakakken yaji, da busasshiyar kuɓewa, da faifan da ta saƙa. Maigida yana da mazarƙwaila da tabarma da hular da ya ɗinka. Ko yaro ɗan makarantar allo yana iya fiƙe alƙalamin gamba, ko ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro ya kai wa malaminsa. Sharaɗi dai shi ne abin ya zama halal, mai tsabta, irin wanda mai bayarwa zai yarda ya ci ko ya yi amfani da shi.

Malami kuwa ya cancanci a tuna da shi, domin kuɗin Laraba ba su taka kara sun karya ba, ga shi kuma ya bar gonarsa safe da yamma yana koya wa 'ya'yan jama'a Fatiha da alwala. Lalle ne shi ma ya karɓi kaɗan da sakin fuska, ya saka da addu'a, kada ya fifita ɗan mai kawowa a kan maraya. Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa, kuma Annabi (SAW) ya kasance yana karɓar kyauta yana sakawa a kanta.

Sai dai akwai abu biyu da ke ɓata wannan aiki. Na farko gori, wanda aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa yana rushe ladan sadaka. Na biyu rashawa, watau a kai wa malamin makaranta kaya gab da jarrabawa domin ya ƙara wa yaro maki. Labarin Ibnul Lutbiyya ya isa gargaɗi, domin Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da kyautar da wannan ma'aikacin zakka ya karɓa a bakin aikinsa.

Saboda haka, wanda ya daɗe bai aika da kome maƙwabta ba, ya duba rumbunsa da madafinsa a wannan mako, ya fara da ƙofa mafi kusa. Allah Ya tsarkake niyya, Ya sa a dace, amin.