Kuɗin Likkafani Ba Ya Yi Mana Wuya

A watan da ya wuce mun sallaci gawar wani dattijo a nan unguwa. Ɗan dako ne, ya fi shekara arba'in yana sauke buhunan albasa da wake tsakanin Shasha da Bodija. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma sayar da asuwaki bakin masallaci, yana kwana a zauren wani gida. Wata safiya aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye, bayan kwana huɗu ya cika. Kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani da na masu haƙa kabari, har da ragowa. Da muka dawo daga maƙabarta kowa ya ce, "To, kwana ya ƙare."

Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma a aljihun rigarsa an samu takardar likita ta maganin hawan jini, ta tsufa har ta yayyage. A sahun da muka yi masa salla kuwa akwai sa'anninsa, attajiran goro da shanu, masu irin wannan ciwon sak. Su kullum suna shan ƙwayarsu, 'ya'yansu na kai su asibiti a mota. Shin wannan bambanci ƙaddara ce kawai da za mu naɗe hannu a kanta, ko akwai hakki a wuyanmu?

Mu duba yadda abin yake. Talaka yana riga mai kuɗi tsufa. Kayan da ya ɗauka a ka sun cinye masa baya da gwiwa, abincinsa abin da ya samu ne, ba shi da fansho. Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi bai ji komai ba, kuma maganinsa na kullum ne har ƙarshen rai. Wanda yake lissafin kuɗin koko da ƙosai, yaushe zai sayi maganin ciwon da bai kwantar da shi ba? Sai kai ya sara ya je kemis a ba shi na kwana biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, magani da kuɗin mota duk sun yi tashin gwauron zabo.

Ba wai babu asibiti ba ne. UCH ga ta nan kusa da mu, kuma tun 2012 tana da sashe na musamman na tsofaffi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta tanadi asusu domin marasa galihu. To amma tsohon da ba ya jin Turanci, Yarbancinsa na ciniki ne kawai, wa zai raka shi? Wa zai cike masa fom?

Wani zai ce ai mai kuɗi ma yana mutuwa. Haka ne, ajali na Allah ne, ba mai ƙara wa wani minti ɗaya. Amma ba a kan ajali za a tambaye mu ba, a kan abin da muka iya yi muka ƙi. Malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara a ƙofar gidaje. Sai ya ga rashin adalci ne a karɓi jiziya a hannun mutum yana da ƙarfi, a yar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali. Wannan fa ba Musulmi ba ne. Ina ga wanda muke sahu ɗaya da shi sau biyar a rana?

Wani kuma zai ce ina 'ya'yansa? Da yawa cirani suka zo, suka ji kunyar komawa hannu rabbana, har gida ya manta da su. A da, maigida ne ubansu a nan, shi ke ba da masauki, shi ke jinya. Yau wannan ya ja baya, zakkarmu ma garuruwanmu muke aika ta, inda za a ambaci sunanmu. Amma a kan wuyan waɗannan mutanen kayanmu suka shiga kasuwa, muka ci riba.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Kowane masallaci ya san tsofaffinsa marasa kowa, da sunansu da inda suke kwana. A sayi na'urar awon jini, a nemi 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa dubawa bayan sallar Juma'a. A ware wani abu daga zakka da sadaka domin maganin wata-wata da rajistar inshora. Samari kuma su ɗauki rakiya asibiti a matsayin ibada.

Hannun da ya iya haɗa kuɗin likkafani kafin azahar zai iya haɗa na magani. Mu ma tsufan muke jira, kuma babu wanda ya san da wane aljihu zai riske shi. Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa, Ya yafe mana sakacinmu. Amin.