Tagulla a Cikin Dutse, Amana a Wuyan Shugaba

Ga wata mas'ala da ta cancanci mai hankali ya tsaya a kanta: idan aka sami dukiya a ƙarƙashin dajin da ba a taɓa ba, shin haƙa ta ya fi, ko kuwa killace dajin?

A lardin British Columbia na ƙasar Kanada akwai dutsen Windy Craggy, mai ɗimbin tagulla. Kamfanin Geddes Resources ya nemi haƙarsa, jama'a kuwa suna sa ran aiki da kuɗin shiga. Amma fa dutsen cike yake da farar wuta, wadda in ta haɗu da iska da ruwa takan zama guba, ga kuma yawan girgizar ƙasa a yankin. Idan madatsar dattin ma'adinan ta fashe, gubar sai ta bi kogin Tatshenshini da Alsek har Alaska, ta hallaka kifin da mutane da namun daji ke rayuwa a kansa. A 1993 gwamnatin lardin ta hana haƙar, ta mai da wurin gandun daji na fiye da hekta 900,000, daga baya ta biya diyya.

Shari'a ta san irin wannan killacewa, sunanta hima. Annabi (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Haka kuma Annabi ya ba Abyal ɗan Hammal ma'adinin gishirin Ma'arib, amma da aka sanar da shi cewa kamar ruwa ne wanda ba ya yankewa, sai ya janye kyautar. Malaman Malikiyya sun bar al'amarin ma'adinai a hannun shugaba domin maslahar jama'a, kuma ƙa'idar malamai ita ce a gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo amfani.

To, kada mai karatu ya zaci haƙar ma'adinai laifi ce. Wayar lantarki da tagulla ake yinta, kuma hana leburori aiki ba ƙaramin abu ba ne. Abin dubawa shi ne wace hasara ake iya gyarawa. Tagullar da aka bari tana nan inda take, kamfani kuwa a biya shi. Amma kogin da guba ta kashe, ba kuɗin da zai fanshe shi.

Sai dai hima tana da sharaɗi. Umar ya umurci mai tsaronta ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya tsare garken attajirai. Watau gandun da ya kori talakan wurin zalunci ne. A Kanada ma, tun 1996 aka sa 'yan asalin yankin, Champagne da Aishihik, cikin gudanar da gandun.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.