Tsirya da Mai Kejinta

Tsirya tsuntsuwa ce koriya shar, mai jan baki da doguwar wutsiya, 'yar dangin aku. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan da Habasha, akwai ta kuma a ƙasar Hindu. A daji ba ta yawo ita kaɗai. Garke guda suke tashi suna kururuwa, su faɗa wa dawa in ta nuna, su yi sheƙa cikin kogon itace. Manomi ba ya ƙaunarta, amma mutanen birni sukan saye ta su sa a keji saboda kyanta da kwaikwayon fito da 'yan kalmomi da takan yi. To, mutumin da ya ajiye ta shekara da shekaru yana kiranta abokiyar zama, shin abokinta ne, ko kuwa Yarinta?

Malamai ba su haramta ajiye tsuntsu ba. Hujjarsu ita ce Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sani bai hana ba. Amma sun gama wannan da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nema ba. Watau wanda ya rufe ƙofa, shi ya ɗauki nauyin duk abin da ke bayan ƙofar.

A nan ne mutane da yawa suke rage mudu. Suna tsammani gero da ruwa sun biya bashin. Ba su biya ba, gama abin da aka raba tsirya da shi ya fi gona: an raba ta da 'yan'uwanta, waɗanda take kira su amsa, take kwana tare da su a reshe ɗaya. Fiton da take kwaikwaya, wanda ake taruwa ana yi wa dariya, neman shiga cikin mutanen gidan ne, tun da su kaɗai suka rage mata. In aka bar ta cikin kaɗaici, wata takan yi ta ihu, wata ta shiga figar gashin ƙirjinta da bakinta har fata ta bayyana. Mai keji ya tsaya a matsayin garke guda, ko ya sani ko bai sani ba.

Tsirya kuwa takan kai shekara 20 a keji, wata har 30. Watan farko kowa na ɗokinta. Daga nan saurayin da ya saye ta ya yi aure, 'ya'ya su zo, a yi masa canjin wurin aiki, sai a rataye kejin a bayan ɗaki, a bar wa yaron gida. Ita ba ta canja ba. Har yanzu ta san takun ƙafarsa.

Wani in zuciyarsa ta dame shi sai ya buɗe kejin, ya ce ya 'yanta ta. Wannan sau da yawa sauke kaya ne aka sa masa rigar jinƙai. Tsuntsuwar da ta girma a keji fikafikanta ba su da ƙarfi, ba ta san shaho ba, ba ta san inda ruwa yake da rani ba. Gaskiya ne a Ingila waɗansu da suka kuɓuce sun rayu, suna hayayyafa a kewayen Landan tun wajen 1969, har sun zama dubbai. Amma waɗanda suka tsira ake gani a kan itatuwa. Waɗanda suka mutu a makon farko ba mai lissafinsu.

Lokacin da ya kamata a yi wa tsirya tausayi shi ne kafin a saye ta. Wadda aka ƙyanƙyashe a gida daban take da wadda aka zaro daga kogo. Ƙaramar 'yar'uwarta ta Ostareliya, wadda John Gould ya kai Ingila a 1840, an daɗe ana kiwonta a gidaje. Ta daji kuwa, kafin ɗaya ta iso kasuwa da rai waɗansu sun mutu a kwando, kuɗin mai saye kuma shi ke mayar da mai kamu daji. Irin wannan ciniki ne ya rage aku mai jar wutsiya, har a 2016 ƙasashen duniya suka yarda a hana fataucin na daji tsakaninsu.

Wanda ya riga ya ajiye, sauran abin da ke kansa shi ne keji mai faɗi, da sakinta ta tashi cikin ɗaki, da zama kusa da ita kullum. In kuwa dattijo ne, sai ya nemi wanda zai karɓe ta tun yana da rai, ya bari ta saba da hannunsa, domin ran rabon gado tare da buta da tabarma ake ƙidaya keji.