Wai Na'urar Muke Bege Ko Masu Yi Mana Dariya?

Mai karatu, ka taɓa ganin magidanci da gemunsa ya tuɓe hula ya ajiye a hannun kujera, ya tsaya a tsakiyar falo yana kai wa iska naushi, gumi na tsatstsafo masa, 'ya'yansa sun kewaye shi suna ihu? Idan ka taɓa gani, to ba iskokai ne suka buge shi ba. Wii yake bugawa.

Ga wanda bai sani ba, Wii wata na'urar gem ce ta talabijin wadda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da ita a watan Nuwamba na 2006. 'Yar farar akwati ce, kaurinta bai wuce na kwalin faifan DVD uku a haɗe ba. Abin da ya raba ta da sauran gem shi ne abin riƙonta. Kamar rimot yake, amma ba danne-danne kaɗai ake yi da shi ba, kaɗa shi ake yi. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai jin motsi da karkatar hannu, a bakinsa kuma akwai 'yar kyamara da ke hangen wasu fitilu da idon mutum ba ya gani, waɗanda ke jikin wata 'yar sanda da ake ɗorawa bisa talabijin. Har masu ƙwaƙwa suka gano cewa idan sandar ta lalace, kyandir biyu a gaban talabijin za su yi aikinta. Ka kai duka, mutumin cikin talabijin ya kai. Ka kaɗa hannu, ya doki ƙwallon tanis. Mutane suka riƙa zage ƙarfi har rimot na suɓucewa yana fasa talabijin, abin da ya sa a Disamban 2006 kamfanin ya ce a zo a canji igiyar ɗaurin hannu, guda miliyan 3.2. An sayar da na'urar sama da miliyan 100 a duniya, wasanta mai suna Wii Sports kuma sama da miliyan 82. Daga nan yayinta ya wuce kamar na kowa. A 2013 aka daina fito da ita a Japan, a Janairun 2019 aka rufe shagonta na intanet. Yaran da suka yi tashen ta yau magidanta ne, kuma da ka ambaci sunanta za ka ji sun yi ajiyar zuciya: Allah sarki, zamani!

Na san abin da za ka ce. Malam, mu a Unguwar Tudu ina muka ga wata Wii? Wutar ma a lokacin sai an yi sa'a. Gaskiyarka. Ko a birnin Kano ba kowane gida ta shiga ba, wasu ma sai daga baya suka same ta a cikin kayan gwanjo. Amma yaron ƙasar Gwarzo da Kabo ya san yayarta, ko da a gidan wani kawunsa na birni ne ko a shagon mai janareto: gem ɗin nan mai rawayen kaset da ake rubuta wa ƙaryar wasanni dubu tara da ɗoriya, mai zuwa da bindigar roba. Ka tsaya, ka runtse ido ɗaya, ka harbi agwagi. Ka kuskure, wani shegen kare ya leƙo daga cikin ciyawa yana yi maka dariya. Asalin wasan na Nintendo ne tun 1984, wanda ya iso mana kwaikwayo ne. Da ka ja kunamar bindigar, talabijin na yin baƙi na ƙiftawar ido, sai farin tabo ya bayyana a inda agwagwar take, idon bindigar ya duba ko ya ga haske. Wannan dabara da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kawai take aiki. Ka jona ta a ta bango irin ta yanzu, sai ka wuni kana harbi ba ka kayar da ko ɗaya ba.

To tambayar da nake so mu tattauna ita ce: wannan ajiyar zuciya da muke yi, gaskiya take faɗa mana ko ƙarya? Kuma mai hankali ya kamata ya biye mata?

Turawa da farko cuta suka ɗauki abin. A 1688 wani ɗalibin likitanci a birnin Basel, Johannes Hofer, ya raɗa masa suna a yarensu, bayan an lura da sojojin hayar Suwizalan da ke ramewa a ƙasashen waje saboda begen gida. Maganin a lokacin mai sauƙi ne, a mai da mutum garinsu. Mu ma mun san wannan. Ɗan ci-rani da ke turin kura a Ikko ko Fatakwal, idan begen gida ya taso masa, ai tasha zai nufa ya hau motar Kano, daga nan ya nemi ta Gwarzo. Sai dai bayan shekara ɗari da goma, a 1798, masanin falsafar nan na Jamus Immanuel Kant ya lura da wani abu: irin waɗannan mutane idan sun koma gida sukan ji gwiwarsu ta yi sanyi, su ce gari ya canza, alhali ƙuruciyarsu suka je nema ba su tarar ba. Begen wuri yana da tasha da kwandasta. Begen lokaci fa, a ina ake hawa motarsa?

Bari mu fara da ɓangaren ƙaryar, don tana da yawa. Bege ƙwararren edita ne, ya fi duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a Kano iya yanke fitowa. Ya yanke maka ranar da NEPA ta ɗauke wuta kana gab da cin wasa. Ya yanke canjin cefane da ka danne don ka biya mai shago, da dukan da ka sha a kai. Ya yanke ƙaton yaron da ke ƙwace layinka. Ita kanta Wii ɗin, in za a faɗi gaskiya, hotonta bai kama ƙafar na PlayStation 3 da suka fito wata ɗaya ba. 'Yan damben cikinta ko damtse babu, sai dunƙule biyu na yawo a iska. Kuma ba a daɗe ba yara suka gane cewa ba sai ka tashi ba, kana kishingiɗe za ka ɗan karkaɗa wuyan hannu ka cinye wanda ke ta tsalle.

Ga kuma wani abin ban dariya da ku masu kallon fim kun fi kowa sani. Abin da kowane zamani ke bege, shi ne ya kashe abin da zamanin baya ke bege. Da Turmin Danya ya fito a 1990, kaset ya shiga gidaje, ai masu zuwa sinimar Plaza da Eldorado cewa suka yi kallo ya lalace, dattawa kuma suka ce tarbiyya ta tafi. Yau wanda ya taso da kaset ɗin Sangaya shi ke girgiza kai yana cewa YouTube ta ɓata fim, ya manta yadda bidiyo ke tauna zaren kaset a daidai wurin da labari ya yi daɗi. Haka ma gem. Ranar da muke harbin agwagin roba, iyayenmu na can zaure suna cewa yaran yanzu ba su san langa ba, ba su san kokawa a farin wata ba. Su a wurinsu mu ne lalacewar zamani. Ka duba kuma ka ga ikon Allah: dambe da tsalle da gumin da Nintendo ta sayar wa Amurkawa a kan dala 250, yaron Unguwar Tudu kyauta yake samun su a dandali bayan girbi.

Da a nan maganar ta tsaya, sai in ce maka ka watsar da bege, rudu ne. Amma ban yarda ba. Maƙaryaci ma wani lokaci yakan zo da shaidar gaskiya, sai dai ka iya yi masa tambaya.

Tambaye shi: me kake gani idan ka rufe ido? Na yi imani ba farar akwatin kake gani ba. Ɗaki kake gani cike da mutane. Rimot ɗaya ne ko biyu, yara goma, don haka dole a yi layi, dole wanda aka cinye ya miƙa wa na gaba. Kuma da yake da jiki ake yin wasan, kowa na ganin ka. Ka kai naushi ka kusa kifawa, ɗaki ya ɗauka da shewa. Karen cikin talabijin ya yi maka dariya, ƙannenka su taya shi. A nan yaro ke koyon wani darasi da ba a rubuta shi a allo: a kayar da kai a gaban jama'a, ka haɗiye, ka koma gefe ka jira layinka ba tare da ka yi zuciya ka tafi gida ba. Langa ma abin da take koyarwa ke nan. Ka saki ƙafa ka faɗi, gari ya gani, gobe ka dawo. Ta wannan fuska Wii da bindigar agwagi sun fi kusa da dandali a kan yadda iyayenmu suka zata. Yaron da ke kwance da waya a ƙuryar ɗaki kuwa, sau ɗari za a kashe shi a wasa kafin la'asar, ba wanda ya gani, sai ya danna ya sake. Ba ya jin kunya, don haka ba ya koyon ɗaukar ta. Ran da duniya ta kayar da shi a bainar jama'a, a jarrabawa ko a neman aure ko a kasuwa, ranar ce karonsa na farko.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Mu mutane ne masu girma da alkunya. Uba ba ya sakin jiki da 'ya'yansa, ballantana ɗan fari da ko sunansa wasu ba sa kamawa. Wasa na kaka da jika ne, ko na taubasai. Wannan tsari yana da kyansa, ba na kushe shi. Amma ka lura da abin da 'yar na'urar nan ta yi a gidajen da ta shiga. Da yake ba ta buƙatar ka haddace maɓallai, duk wanda ya iya ɗaga hannu ya iya ta. A Amurka da Ingila har gidajen kula da tsofaffi ta shiga, 'yan shekara tamanin na gasar mirgina ƙwallo. A nan kuma ta ba Alhaji hujjar ajiye girma na minti goma, 'yarsa 'yar shekara bakwai ta lallasa shi a tanis, Hajiya na bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Ke 'yar'uwa da kika ga irin wannan a gidanku, faɗa mini, wasan kike tunawa ko fuskar babanki?

'Yan kasuwa sun riga mu gane haka. A 2022 Nintendo ta sake fito da irin wasannin nan a na'urarta Switch, don ta san yaran 2006 yanzu su ke da albashi. Ba laifi, kowa da sana'arsa. Tsohuwar ma ana samu a wurin masu kayan gwanjo, batir biyu da wayar nan mai kai ja da fari da rawaya, shi ke nan ta tashi. Saye ta, ka kulle ɗaki kai kaɗai da dare ka kunna. In ka yi minti goma sha biyar kana dambe da iska ba ka ji kanka wani iri ba, ka zo in biya ka kuɗinka.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke mai da bege bulala. Mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba su da kuzari, ba su san zumunci ba, kullum kai a sunkuye. To wa ya yanka filin ƙwallon unguwa ya sayar fuloti-fuloti? Wa ya hana su fita bayan magariba? Na san akwai dalilin tsaro, kuma dalili ne mai ƙarfi, ba wanda zai ga laifin uban da ya kulle ƙofa a wannan zamani. Amma da muka kulle ƙofar, me muka ajiye musu a ciki? Waya muka miƙa wa kowa tasa don a bar mu mu huta, mu ma muka sunkuya a kan tamu. Yaro bai taɓa ganin dandali ba, bai taɓa ganin ɗaki ya cika don kallon kaset ɗaya ba, sannan a ce shi ne ya kashe su.

Su kuwa yara ba su da wannan dogon lissafi. Ka ba ɗanka labarin bindigar agwagi da karen nan mai dariya, ka kwatanta masa yadda ake tsayawa a runtse ido, za ka ga idonsa ya kawo haske. Abin da zai ce bai wuce ɗaya ba: "Baba, to taso mu yi mana." Kai kuma, waya a hannu, ka ce masa, "Je ka, ina zuwa."