Mai kallon ruwa da mai tare shi

A duniyar nan akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara guda, su shiga jirgin sama, su kwana a hanya, don kawai su je wani tsibiri su tsaya gaban dutse su ga ruwa yana faɗowa. Ba sha za su yi ba, ba ɗiba za su yi ba, ba kuwa dabba ko shuka za su ba. In sun gama kallo sai su ɗauki hoto su koma gida, kuma a ganinsu kuɗin bai tafi a banza ba. In aka ba manomin albasa na Sabon Gida wannan labari, ko macen da ke sammako don ta riga wasu zuwa rijiya a ƙauyukan tudun Buza, abin da za a fara ji shi ne dariya, sannan a ce sha'anin ƙoshi ne. Amma tambayar da ke ƙarƙashin dariyar ba ƙarama ba ce. Shin kallon ruwa don kyansa kaɗai abu ne da ya dace da mai hankali, ko kuwa wargi ne da wadata ke haifarwa? In kuma ya dace, me ya kamata mai kallo ya sani kafin a ce ya gani?

Tsibirai biyu sun isa misali, tun da duk ɗalibin da ya yi nisa a faransanci ya taɓa cin karo da sunansu. Na farko shi ne Reyuniyon, cikin tekun Indiya. A can ne, a wani wuri mai suna Fok-Fok, aka auna ruwan sama milimita 1825 cikin awa 24, a watan Janairu na 1966, lokacin wata guguwar teku. A ƙasar Adar kuwa, shekarar da aka samu milimita 450 ba a kukan ruwa. Watau abin da ya zuba a can cikin kwana ɗaya ya kai damina huɗu ta Madawa. Ƙasar da ke samun irin wannan ruwa bisa duwatsu masu tsawo, dole ta cika da mafaɗar ruwa, kuma ɗaya daga cikinsu, a kwarin Salazi, ana kiranta da sunan da ke nufin mayafin amarya. Na biyu shi ne Gwadalup, cikin tekun Karibiyan, inda ƙoramar Karbe ke gangarowa daga dutsen Sufuriyar mai aman wuta, ta faɗo hawa uku, hawa na biyu mita 110.

Masanin falsafar nan na Jamus, Kant, ya taɓo wannan magana a littafinsa na 1790 kan yadda mutum ke hukunta kyau. A ganinsa, jin daɗin kyau yana tabbata ne sa'ad da mutum ya dubi abu ba tare da kwaɗayin mallaka ko amfani ba. Ya kuma lissafa faɗowar babban kogi daga sama cikin abubuwan da ke cika zuciya da kwarjini, tare da tsawa da guguwa da teku in ya fusata. Sai dai ya kafa sharaɗi, cewa mai kallo ya kasance a wurin da abin ba zai taɓa shi ba. (Shi kansa bai taɓa yin nisa da yankin garinsu ba, balle ya je tsibiri, amma wannan bai hana shi gane inda gizo ke saƙa ba.) Sharaɗin nan shi ne tushen maganar. Wanda ruwa ke bi ta gonarsa ko ta ɗakinsa ba ya da wurin tsayawa ya yi kallo. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta rushe dubban gidaje, har aka ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Babu wanda ya tsaya yabon kwarjinin ruwa a waɗannan darare.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ita ma Adar tana da nata mafaɗan ruwa, sai dai ba sa daɗewa. Ƙasar tudu ce mai faɗi da dutse ya rufe, kwaruruka sun tsattsaga ta. In aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, fako ba ya sha, sai ruwan ya taru ya nufi bakin tudu, ya zubo ta kowace tsaga da ruri kamar na garken shanu. Awa ɗaya ko biyu, an gama, dutse ya koma shiru. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin tsauni a irin wannan lokaci ya san abin yana da ban sha'awa. Amma ruwan ba fari ba ne irin na hoto. Ja ne, kuma manomi ya san abin da ya rina shi: ƙasar gonarsa ce ke tafiya. Kowace zubowa tana ƙara wa kwazazzabo tsawo da zurfi, tana kwashe laka mai albarka daga sama, tana zuba yashi bisa fadama a ƙasa.

Saboda haka ne babban aikin da aka yi a wannan yanki cikin shekaru arba'in da suka shige ya zama aikin hana ruwa faɗowa. Bayan farin 1973 da na 1984, tudun Keita ya zama kamar an share shi da tsintsiya. A 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan ma'aikata da abinci. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida Abijan da Legas da sauran wurare. Su ne suka fasa dutse, suka ɗauke shi a ka, suka jera shi shinge bayan shinge bisa fako. Su ne suka haƙa ramuka a jikin gangare don ruwa ya tsaya a gindin kowane dashe, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsai a bakin ƙoramu. Hikimar aikin duka guda ce: a karya wa ruwa gudu, a tilasta masa ya zauna, ya nutse. Tassa da rabin-wata da manoman jihar Tawa suka ƙware a kai, su ma manufarsu ke nan. In an duba da kyau, abin da baƙo ke ƙetare teku don ya gani, shi ne abin da matan Keita suka yi shekaru suna kashewa da hannunsu, kuma duk wanda ya san yadda wurin yake a da ba zai ce sun yi ɓarna ba.

A Sabon Gida ma, cikin kwarin Tarka, ruwan da ke ciyar da gari ba ya ruri, ba ya kumfa. Yana kwance ƙarƙashin yashi, sai an haƙa an sa inji ya jawo shi zuwa fangalin albasa. Ba wanda zai ɗauki hotonsa ya rataya a ɗaki. Amma shi ne ruwan da ya zubo daga tudu a damina, ya samu inda ya tsaya. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

To, ashe ke nan manomi ya yi gaskiya, kallo wargi ne? A nan ya kamata a yi hattara, domin akwai raini da ke ɓuya cikin rigar tausayi. Masu cewa talaka ba ruwansa da kyau, cikinsa kawai ya sani, ba su taɓa zama ƙauye ranar da ƙorama ta fara kawo ruwa ba. Gari ne ke fitowa. Yara na gudu a gefe suna rige-rige da bakin ruwan, tsofaffi na tsaye bisa gaɓa hannu a baya, ba mai ɗauke da tulu, ba mai ɗauke da guga. Kallo suka zo yi. Haka in tabkin Keita ko na Tabalak ya cika, mutum kan ratse hanya don ya gani da idonsa, alhali ba ya da gona a bakinsa. Al'ummar da ke sa wa ɗiya suna Marka, ta sa wa ɗa suna Anaruwa, ba za a ce ba ta san daɗin ruwa ba sai a maƙogwaro. Bambancin dai shi ne, kallon ɗan gari a haɗe yake da lissafi. Yana jin daɗi, yana kuma auna inda ruwan zai kwana. Gaisuwar damina ma ta nuna haka: a ce barka da ruwa, a amsa da cewa ruwa ya yi gyara. Har wanda katangarsa ta faɗi haka yake amsawa, domin da abin da ruwan ya yi wa gari yake auna shi.

Laifin mai yawon buɗe ido, in yana da laifi, ba ya cikin jin daɗin da ya yi. Yana cikin tsayawar da idonsa ya yi a inda hoto ya tsaya. Gwadalup, wadda mutanenta na farko suka sa wa sunan da aka saba fassarawa da tsibirin kyawawan ruwaye, ta yi shekarun 2010 da farkon na 2020 ana raba wa unguwanni ruwan famfo bi da bi, saboda bututun sun tsufa, fiye da rabin ruwan yana zurarewa a hanya. A yankin da ƙoramar Karbe ke ratsawa kafin ta kai teku, gonakin ayaba ne, kuma daga 1972 zuwa 1993 an yi ta zuba musu wani maganin ƙwari mai suna kulordekon, wanda ya gurɓata ƙasa da ƙoramu, dafinsa bai fita ba har yau. Baƙo na iya hawa ya ga mita 110 na farin ruwa, ya sauko ya wuce ta ƙofar matar da ke jiran famfo da jarka, bai san sun haɗa komai ba. A Reyuniyon kuma, waɗannan kwaruruka masu wuyar shiga da ake zuwa kallo, su ne mafakar bayin da suka gudu daga gonakin iyayen gijinsu kafin a soke bauta a 1848. Wani tsauni a Salazi har yanzu yana ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu, Anshen. Ruwan da ake kira mayafin amarya, irinsa ne ya raya mutanen da ake farauta da bindiga.

Wani lokaci ma kallo kan zarce ya zama mallaka. Da Libingiston ya isa babbar mafaɗar kogin Zambezi a 1855, ya tarar mutanen wurin suna kiranta Mosi-owa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. Ya sa mata sunan sarauniyar Ingila, kuma da wannan suna aka koya wa yaran Afirka ita a aji. Sunan farko ya fito daga bakin waɗanda suka zauna da abin, suka ji shi, suka gan shi. Na biyu bai faɗi komai game da ruwan ba.

Duk da haka ba a kore baƙo. A Timiya, cikin duwatsun Abzin, akwai ƴar mafaɗar ruwa da ke zuba cikin wani kwarmin dutse kusa da garaken lemu da rumman. Shekaru da dama Turawa na zuwa ganinta, masu ja-gora da direbobi da maƙera na cin abinci. Tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka tsinke wannan hanya. Ruwan bai daina zuba ba, amma gidaje da yawa sun ji a tukunyarsu. Idon baƙo yana da amfani, har yakan tuna wa ɗan gari darajar abin da ya saba da shi.

Inda maganar ta shafi malamai kai tsaye shi ne aji. Yaron Buza ko na Keita yana ganin mafaɗar ruwa a littafi, a kalandar shago, yanzu kuma a wayar hannu, kullum fara ce, kullum cikin kore, kullum a wata ƙasa. Ko Gurara da Farin Ruwa da Matsirga, da ke nan Najeriya, ba a cika ambatonsu ba. A hankali sai ya ɗauka cewa kyau abu ne da ke can, nan kuwa wurin wahala ne da ake haƙuri da shi kafin a samu kuɗin mota. Ba wannan ne ke kai samari bida ba, yunwa da rashin aikin rani sun fi shi ƙarfi. Amma wanda aka koya wa cewa ƙasarsa ba ta da abin kallo, da wuya ya ga dalilin ɗaukar dutse don gyaranta, da wuya kuma ya ga shingen da kakarsa ta jera a matsayin aikin da ya cancanci a tsaya a duba. Ana sa ɗalibi ya rubuta siffar tekun da bai taɓa gani ba, ba a taɓa sa shi ya siffanta zubowar ruwa daga tsaunin bayan garinsu ba, da launinsa, da ƙararsa, da warin ƙasar da ke tashi, da abin da ya rage a gona washegari. Rubutu irin wannan, da hausa ko da faransanci, zai tilasta masa ya haɗa ido biyu, na mai sha'awa da na mai gona.

Akwai cikas guda: lokacin da ruwa ke zubowa, makaranta na hutu, yara na gona, malamai da yawa sun koma garuruwansu. A nan ne ƙungiyoyin al'adu za su iya abin da aji ba ya iyawa, su da ba sa rufewa da damina. Fitar ba ta bukatar mota. Tana bukatar dattijon da ya san inda kwazazzabo ya tsaya shekara talatin baya, da ɗaya daga cikin matan da suka yi aikin dutse, in tana da sauran ƙarfin hawa, da kuma wanda zai tabbatar yara sun tsaya bisa gaɓa, domin ƙoramar Adar takan kawo ruwa ko da sama tana garau a inda ake tsaye.