Wa Ke Da Haƙƙin Raɗa Wa Sifana Suna?

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani ɗan'uwa marubuci ya tsayar da ni saboda na sa kalmar "sifana" a bakin wani bakanike cikin labarina. Cewa ya yi wannan gurɓata harshe ne, kamata ya yi in rubuta "mabuɗin noti". Na yi shiru don kunya, amma a raina na ce, to shi notin fa, jikan Bayajida ne?

Tun daga ranar nake juya maganar, domin kuwa ta wuce batun ƙa'idar rubutu, ta shiga batun adalci. Sanin kowa ne a ƙasar Hausa mai ɗa ke raɗa suna, ba maƙwabci ba. Maƙeri ne ya ce uwar maƙera, ya ce masaba da awartaki da zugazugi, babu wani kwamiti da ya zauna masa. Da mota ta zo, sai magadansa suka yi irin abin da ya yi, wato suka karɓi baƙon suna suka tanƙwara shi har ya zauna a harshe. Haka muka sami birki da giya da kuloci da fulogi da salansa da lagireto. Duk wanda ya ratsa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai ji ana cinikin dubban nairori da waɗannan kalmomi, ba tare da wani ya nemi tafinta ba. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, in ya zo daga baya ya ce a sauya su, ni a ganina shisshigi ya yi, kuma da ɗan raini a ciki. Raini ne irin wanda ya sa muka daɗe muna ɗaukar makarantar koyon sana'a a matsayin matattarar yaran da boko ya ƙi.

Sai dai kada mai karatu ya zaci na wanke mu ne. Akwai inda kalmar gareji ta gaza, kuma a nan ne nauyin ya faɗo a wuyanmu.

Kalmar gareji tana faɗin sunan abin da hannu ke taɓawa, amma ba ta cika faɗin dalili ba. Alal misali, ɗauki yaron da ke koyon haɗa sola, sana'ar da ta yi kasuwa a garuruwanmu. Kalma ɗaya gare shi, wuta. Ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya, wuta. Yawan abin da ke gudana cikin wayar, wuta. Abin da injin ya ci a awa guda, shi ma wuta. Alhali abubuwa uku ne daban-daban, kamar yadda tudun da ruwa ke gangarowa daga kansa ya bambanta da yawan ruwan, ya kuma bambanta da abin da ya taru a randa. In aka haɗa batir biyu masu bolt 12 kai da gindi, za a sami bolt 24. In aka haɗa su kai da kai, suna nan a 12, sai dai su fi jimawa. Maigidansa ya nuna masa duka biyun, ya kuma haddace. Amma ranar da aka kawo masa abin da maigida bai taɓa nunawa ba, da me zai yi tunani? Zai sa siririyar waya inda ake bukatar mai kauri, wayar ta yi zafi, rufin mutane ya kama. Ba daƙiƙi ba ne. Kalmomin da za su raba masa abubuwan nan uku suna kulle cikin Turanci, shi kuwa aji uku ya bar makaranta.

Ba wai hukuma ba ta taɓuka komai ba. An kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa a 1977, mazauninta Kaduna. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya shigar da darasin share fagen fasaha a ƙananan sakandare, har aka yi odar injina, waɗanda da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu. A 1992 aka kafa hukumar jarrabawar sana'o'i, wato NABTEB. Amma da Turanci ake tambayar, da Turanci ake amsawa. Don haka mutum zai shekara goma yana walda, ya rasa takarda, wanda bai iya riƙe filaya ba ya samu.

Mu kuma fa? Malamanmu na jami'a sun nuna abin mai yiwuwa ne. A 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ga shi yau ɗalibi na tattauna ginin jimla da Hausa ba gargada. Wato mun yi wa sana'armu gata, muka bar ta birkila da kafinta. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya (ban raina su ba, ni ma na taɓa), amma cikinmu mutum nawa ne ya zauna da mai gyaran lantarki ya rubuta shafi ashirin kan abin da ke hana wuta kashe mutum?

In za a yi, ba a ofis za a yi ba. Marubuci zai tafi da takardarsa ya zauna kan benci, ya bar wa bakanike sifanarsa, ya tambaye shi yadda yake bayyana wa yaransa abin da ba ya ganuwa. Sau da yawa kalmar tana nan a bakinsa rabi da rabi, jira take a ƙarasa ta. Wadda aka ƙirƙiro kuwa a gwada ta a kan yaran. In bayan wata guda ba a ji ta a bakinsu ba, a janye ta ba tare da fushi ba.

Shi ɗan'uwan nawa na gayyace shi garejin unguwarmu ranar Asabar. Ya ce zai zo, in an samo masa inda ba zai ɓata farar shaddarsa ba.